Allon ciki da rigar matsi bayan aikin rage tumbi, yaushe ake fara sawa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni yin wannan aikin. Yau kwana 9 kenan da aka min aikin rage tumbi, wanda ake yanke fatar da ta saki a ja ta ƙasa, nawa har da ɗinkin naman ciki sbd tun haihuwar 'yan biyu naman ya rabu gida biyu, in na kwanta na ɗaga kai sai kiga wani tudu ya taso a tsakiya. Daga asibiti da bel ɗin nan mai faɗi mai mannewa aka sallame ni, likita yace in riƙa ɗaurawa dare da rana sai dai in zan goge jiki. To amma tun kafin aikin na sayi rigar matsi irin wadda suke cewa faja da allon nan mai tauri da ake cusawa a ƙarƙashinta, dan duk bidiyon da na kalla kowa da allonta. Shekaranjiya na fara sa allon a cikin bel ɗin. Damuwata in na zauna bakinsa na ƙasa yana sauka daidai kan ɗinki, bana jin zafi ko kaɗan amma in na cire sai inga shatinsa raɗau a fata. Haka yake ma kowa ko ni ce ban iya sawa ba? Robar fitar da ruwa guda ɗaya na jikina har yanzu.

Gimbiya:
Wa'alaikissalam, sannu da jiki 'yar uwa Allah ya ƙara sauƙi. Ki cigaba da sawa wlh, ni a kwana na 3 na fara sa allo kuma shi ya gyara min ciki, shatin nan ba komai bane yana ɓacewa. In kika bari fata ta warke a naɗe shikenan kin yi asarar wahalarki.

Anti Nas:
Gimbiya tsaya tukuna, ke wane aiki aka miki? yanka aka yi daga ƙugu zuwa ƙugu aka sake wa cibiya waje, ko zuƙar kitse ce kawai?

Gimbiya:
Zuƙar kitse ce Anti, ciki da gefe da baya. Amma ai duk ciki ne.

Anti Nas:
To anan gizo ke saƙar. Maman Biyu dan Allah kafin ki gama karanta abinda zan rubuta ki zare allon nan ki ajiye, ki bar bel ɗin da likitanki ya baki kawai. Na daɗe ina aiki a ɗakin da ake kula da marasa lafiya bayan tiyata, bari in faɗa miki bambancin.

A zuƙar kitse ƙananan ɓula ake yi a zura ƙarfe siriri a zuƙe kitsen, yawancin jijiyoyin jinin da ke ciyar da fata suna nan a haɗe. A naki aikin kuwa fatar ciki gaba ɗaya aka ɗaga daga kan nama tun daga mara har zuwa kusa da haƙarƙari, ƙananan jijiyoyin da ke fitowa ta cikin nama suna ba fatar jini an yanke su da yawa, yanzu jinin da take samu daga sama da gefe da gefe yake gangarowa. Wajen da yafi ko'ina nisa da jini shine tsakiya, tsakanin sabuwar cibiya da layin ɗinki, kuma nan ne aka fi jan fatar da ƙarfi. Wannan ɗan wajen da ƙyar yake samun abinda zai rayu dashi a makonnin farko, sai kuma ki ɗora masa abu mai tauri ki matse, ki zauna bakin allon ya nutse a ciki. Haka fata ke mutuwa ta yi baƙi, daga baya wajen ya buɗe a koma wankin ciwo na makonni.

Kuma rashin jin zafin da kika faɗa shine yafi tayar min da hankali. Jijiyoyin ji na wajen suma an yanke su, shi yasa ƙasan cibiya yake zama kamar ba jikinki ba har tsawon watanni. Da lafiyayyar fata ce da tuni zafi yasa kin cire da kanki.

Maman Biyu:
Innalillahi, na cire yanzun nan Anti. Ni wlh na ɗauka rashin zafin alama ce mai kyau.

Gimbiya:
Anti ban musa miki ba amma gsky akwai waɗanda na sani da aka musu yanka irin nata kuma suna sa allo, cikinsu kamar an goge da dutsen guga. Kar a tsorata ta ta watsar da abu gaba ɗaya.

Hajiya Babba:
Ni ɗaya ce daga cikinsu Gimbiya, amma ki tambaye ni yaushe na fara. Nawa aikin yanka ne haɗe da zuƙar kitse a gefe, sai da na shiga sati na 4 an cire min robobi duka biyu, ɗinki ya kame babu inda ke tsatstsafo, sannan likita ya duba da hannunsa yace to yanzu in ina so in sa. Abinda ya kaini ga tambaya ma shine aikina na zama ne, na koma ofis, kullum da yamma in na cire riga sai inga wani layi kwance a saman cibiya daidai inda rigar ke lanƙwashewa in na zauna, kamar an ɗaura min igiya. Nan allon ya min amfani sosai, yana hana rigar naɗewa ta shiga jiki, matsin sai ya bazu ko'ina daidai. Aikinsa kenan fa, ba shi ke narkar da komai ba. Kuma yadda aka koya min, singileti na auduga a jikin fata, sai soso mai laushi, sai allo, sai rigar a sama. Ban taɓa ɗora shi kan fata kai tsaye ba, bakinsa na ƙasa kuma baya taɓa ɗinki, kuma ban kwana dashi.

Sannan ki duba tsawonsa 'yata. Ni gajeriya ce, na farkon da na saya in na zauna yana tokare min ƙarƙashin nono ta sama yana caka mara ta ƙasa, dole na nemi ƙarami.

Uwar Gida:
Ni kuma nawa likitan cewa yayi baya amfani da allo kwata-kwata ga wadda ya yi wa yanka, ko robar ruwa bai samin ba. Yace akwai ɗinkin da yake yi ta ciki yana liƙa fatar da naman ƙasa tako bayan tako har ya sauko, sai ya zama babu fili da ruwa zai taru. Bel na sati 2, sai riga mara tsanani zuwa sati 6, shikenan. Yau shekara ɗaya da wata 3, ciki lafiya lau. Shi yasa nake ganin wannan allon 'yan kasuwa ne suka fi zuzuta shi.

Anti Nas:
Wannan ɗinkin da Uwar Gida ta faɗa sananne ne, tun wajen shekarar 2000 aka fara yaɗa shi kuma likitoci da yawa sun koma kansa dan yana rage taruwar ruwa. Shi yasa ba'a kwafar tsarin wata a ɗora wa wata, wanda ya buɗe cikin shi yasan yadda ya ja fatar, ko ya zuƙi kitse a wajen, ko jinin na gudana da kyau lokacin da ya rufe. Faja ɗin ma da allon daga ƙasashen Latin Amurka suka yaɗu, musamman Kolombiya, kalmar ma ta Sifaniyanci ce, kuma asali masu zuƙar kitse ne suka fi amfani dasu.

Gimbiya:
To allon na yarda a jira. Amma maganar matsi kam ba zan janye ba, riga in bata matse ba meye amfaninta? Ni duk sati 2 sai na matsa maɓalli zuwa layi na gaba, da na kai na ukun na sayi wadda ta fi ƙanƙanta, numfashi ma da dabara nake yi amma na daure. Mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa.

'Yar Auta:
Anti Gimbiya dan girman Allah kar ki ba wadda aka ɗinke wa nama wannan shawarar. Yayata aka yi wa, ita ma haka ta riƙa matsewa har bata iya cin abinci sosai, kuma bata tashi tana tafiya sbd rigar ta hana ta sakat, kwana 12 da aiki ƙwaurinta na hagu ya kumbura yayi zafi, muka ɗauka kwanciya ce. Da dare ta fara haki tana riƙe ƙirji. Allah ne ya sa muka kaita asibiti a daren, gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya tafi huhu, watanni tayi tana shan maganin tsinka jini. Har yau in na tuna yadda take kallona tana neman iska jikina rawa yake.

Anti Nas:
Allah ya ƙara mata lafiya ƙanwata. Bazan ce rigar ce kaɗai ta jawo ba, dan aikin rage tumbi dama yana cikin ayyukan gyaran jiki da suka fi haɗarin daskarewar jini. Amma ku duba lissafin, an ɗinke nama an tsuke cikin ta ciki, matsin da ke cikin ciki ya riga ya ƙaru, jinin ƙafafu kuma ta cikin nan yake bi ya koma zuciya. In kika ƙara ɗaure ta waje kamar buhu kin ƙara rage masa gudu, ga kwanciya, ga rashin shan ruwa. Huhu ma baya buɗewa yadda ya kamata in ba'a jan numfashi har ƙasa.

Ma'aunin da muke ba mutane mai sauƙi ne, tafin hannunki ya iya shiga tsakanin rigar da jiki ba tare da kokawa ba, ki iya jan dogon numfashi, ki ci abinci ya zauna. In ƙafa ta fara kumbura ko cinya tana miki kamar ana tsira allura, ko bakin rigar ya naɗe ya shaƙe matsematsi, ta yi tsanani. Abinda rigar ke yi shine ta tallafi wajen, ta rage kumburi, ki ji daɗin tari da tashi. Surar ciki kuwa a ɗakin tiyata aka gama ta. Kuma ki riƙa tashi kina ɗan zagaye ɗaki duk bayan awa ɗaya ko biyu in ba barci kike ba, ko da a duƙe ne.

Gimbiya:
Subhanallah, 'Yar Auta Allah ya kiyaye gaba. Gsky ban san haka ba, ni nawa babu ɗinkin nama.

Maman Biyu:
Anti Nas na dawo, hankalina ya tashi. Na sa mijina ya haska min da fitilar waya dan ni bana iya hango wajen a duƙe, yace a saman ɗinkin daidai tsakiya akwai wani waje kamar girman babban yatsa da yayi duhu, ja mai shuɗi-shuɗi haka, kuma akwai 'yar ƙaramar bororo a gefensa kamar ta ƙuna. Sauran shatin ya baje amma wannan yana nan. Ranar komawa asibiti sai nan da kwana 4, in jira?

Anti Nas:
A'a kar ki jira. Ki sa ya ɗauki hoto da haske mai kyau, ku kira layin da suka baku yanzu ku tura musu, ki faɗa musu gaskiya cewa kin sa allo kwana 2, kar ki ɓoye dan kunya, bayanin zai taimaki likita. Kar ki fasa bororon, kar ki shafa komai, kar ki gasa da ruwan zafi, ki sassauta bel ɗin kada ya danne wajen kuma ki cigaba da zama a lanƙwashe da filo a ƙarƙashin gwiwa dan kar fatar ta ƙara jawuwa. In zazzaɓi ya zo ko wajen ya fara wari ko jan yana faɗaɗa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Akwai mai shan sigari ko shisha a kusa dake? kina da ciwon suga?

Maman Biyu:
Babu ko ɗaya Anti. Mun kira, sunce in zo da safe ƙarfe 8.

Anti Nas:
Madalla. Na tambaya ne dan nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, shi yasa ake hana shan taba makonni kafin aiki da bayansa, suga kuma yana jinkirta warkewa. Tunda babu su kina da dama mai kyau.

Hajiya Babba:
Allah ya sa a ji alheri 'yata, ki kwantar da hankalinki ki samu barci. Maganar gasa wajen da ruwan zafi da Anti ta taɓo ku riƙe ta da kyau, akwai wadda muka yi jinya tare ta ɗora robar ruwan zafi a mara dan ciwon baya da sanyi, bata ji komai ba sai da safe taga fata ta saluɓe.

Baban Yara:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo zancen mata, nima an min wannan aikin bayan na rage ƙiba mai yawa fata ta zubo. Abu ɗaya zan ƙara kan robar ruwan, ku lura kar bel ko riga ta danne bututun ya lanƙwashe. Nawa ya taɓa toshewa haka, na ga kwalbar babu komai na yi murna ashe ruwan a ciki yake taruwa. Ku riƙa rubuta adadin da kuka zubar kullum a takarda, da shi likita ke yanke hukuncin cirewa. Allah ya ba Maman Biyu lafiya.

Maman Biyu:
Amin Malam nagode. 'Yan uwa na dawo daga asibiti. Likita ya danna wajen da yatsa yana kallon yadda jini ke dawowa, yace saman fatar ne ya ji ciwo, ƙasan yana da rai, amma da na ƙara kwana biyu ko uku da allon da labari ya canza. Ya wanke ya sa magani da bandeji mara mannewa, zan riƙa zuwa ana dubawa duk bayan kwana 2. Yace allo da faja duk in ajiye sai ya ce, bel kawai, shima ya nuna wa mijina yadda zai ɗaura min ina kwance, a ja shi ƙasa ya rufe ƙugu kar ya tattare a sama. Bai min faɗa ba, cewa yayi da na tambaye shi tun farko. Robar ma ya cire dan kwana 2 a jere ruwan bai kai mililita 30 ba. Anti Nas Allah ya saka miki da alheri, ya raya zuri'a.

Anti Nas:
Amin ya Allah, alhamdulillah naji daɗi sosai. Yanzu da aka cire robar ki sa ido a sati biyun nan, in kika ga mara ta cika ta gefe ɗaya, ki taɓa nan kiji ruwa ya motsa can kamar leda mai ruwa, to ruwa ne ya taru, siroma ake ce masa. Ba'a matse shi da riga yabi jiki, komawa ake yi a zuƙe da sirinji, wani lokacin fiye da sau ɗaya, kuma yawanci ba'a jin zafin allurar sbd wajen baya jin taɓi.

Uwar Gida:
Kuma kar kumburin yamma ya ruɗe ki ki koma neman matsi. Da safe zaki tashi ciki a shafe, kafin magariba saman ɗinki ya kumbura yayi tauri kamar ba'a yi komai ba, ni har kuka na yi a wata na 2. Hanyoyin da ruwan jiki ke bi ne aka yanke, sai sun sake haɗuwa, nawa sai wajen wata 6 ya daidaita, tabon kuma ya fi shekara kafin ya yi haske.

'Yar Auta:
Tambaya dan Allah, in an koma rigar guda nawa ya kamata a saya? yayata ɗaya gareta, in an wanke sai ta zauna haka tana jiran ta bushe.

Hajiya Babba:
Biyu 'yar nan, ɗaya a jiki ɗaya a shanya. Da hannu ake wankewa da ruwa mara zafi, kar a sa a injin busarwa dan robar jikinta na mutuwa. Ta farkon a nemi mai maɓallai ko zif a gaba ko gefe, mai buɗaɗɗen ƙasa, dan a makonnin nan ba mai iya jan riga daga ƙafa tana nishi da ɗinki a ciki. Kuma da awon jiki ake saye, a auna ƙugu da kwankwaso da tef a duba jadawalin kamfanin, kar a bi lambar kayan da ake sawa da. Soson ma ana canza shi in ya lotse ko ya sha gumi, in ba haka ba ƙuraje ne zasu feso.

Gimbiya:
Maman Biyu ki yafe min shawarar da na baki da farko, da nawa aikin na auna naki. Na je na gyara abinda na rubuta a wani zauren ma dan can ma haka na faɗa wa wata.

Maman Biyu:
Haba 'yar uwa babu komai wlh, tun kafin ki yi magana na riga na sa abina.

Maman Biyu:
Salam, nace bari in dawo in faɗa muku inda aka kwana tunda kun damu dani. Yau sati 5 da kwana 2. Wajen nan yayi ɓawo ya faɗi da kansa, ya bar ɗan tabo ja kamar ƙwayar wake a saman layin, likita yace zai dushe tare da sauran kuma in an ƙara sati 2 zan fara manna silikon, filastar nan ta dusar da tabo. Na miƙe tsaye sosai yanzu. Ya yarda na koma faja tun satin da ya wuce, a layin maɓalli na farko, da singileti da soso a ciki. Allon na kai masa ya gani, ya sa na zauna a kujera ya gwada min, bakinsa har yanzu yana sauka kan tabon, yace wannan ya min tsawo kuma tunda rigar bata naɗewa a jikina baya ganin ina buƙatarsa. Yara kuma har yanzu an hana ni ɗaukarsu sai na cika sati 6, sai dai in zauna a ɗora min su a gefe ɗaya bayan ɗaya.